Kwana Uku a Jirgin Ruwa Cikin Tsibiran Komodo

 Yau za mu yi dogon zango. Za mu bar Afirka gaba ɗaya, mu nausa gabas har ƙasar Indonesiya, zuwa wani yanki nata da agogonsa ke gaba da namu da awa 7. Duk wanda Allah ya nufa da sauke farali ya san mutanen wannan ƙasa, domin babu ƙasar da ta kai ta yawan kujerun aikin Hajji. Ƙasar tasu tarin tsibirai ce sama da 17,000, kuma a cikin wasu 'yan ƙalilan daga cikinsu ne kaɗai Allah ya ajiye ƙadangaren da ya fi kowanne girma a doron ƙasa, wanda ake kira Komodo. Mutane na tasowa daga ko'ina a duniya su kashe maƙudan kuɗi don su gan shi, su kuma leƙa ƙarƙashin tekun da ya kewaye gidansa. Za mu bi su mu ga abin da suke gani. Za mu kuma tambayi yadda aka yi wannan abin kallo ya tsira har yau, da kuma su wa ake nema a tura gefe saboda shi.

Ƙofar shiga ita ce Labuan Bajo, wani gari a bakin teku a yammacin tsibirin Flores. Ba da jimawa ba ƙauyen masunta ne, amma yau ga filin jirgin sama, ga otal-otal, har shugabannin ƙasashen kudu maso gabashin Asiya sun yi taronsu a can a watan Mayu na 2023. Daga nan baƙi ke hawa jirgin ruwa, su yi kwana biyu ko uku a kansa, nan ci, nan sha, nan barci, suna zagaya gandun dajin Komodo. Gwamnatin Indonesiya ta kafa gandun a 1980, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1991. Manyan tsibiransa uku ne, Komodo da Rinca da Padar, sai ƙanana fiye da 20, kuma ruwan da ke cikin gandun ya fi tudunsa yawa.

Shi kansa jirgin abin a tsaya a duba ne. Da yawa daga cikinsu na katako ne, irin wanda ake kira pinisi, ƙirar masassaƙan Bulukumba da ke kudancin tsibirin Sulawesi. Waɗannan masassaƙa ba sa buƙatar zane a takarda. Sukan fara jera allunan jikin jirgin suna haɗa su da turakun katako, sai daga baya su dasa haƙarƙarin ciki, ilmin da uba ke miƙa wa ɗa. A 2017 UNESCO ta karrama wannan sana'a tasu. Yanzu dai an sa wa jiragen inji da ɗakunan kwana, filafilan da yawansu kuwa sun zama na ado.

Wanda aka ce wa tsibiri a ƙasa mai zafi zai zaci kurmi ne mai duhu. Ko kusa. Ruwan saman da ke zuba a nan bai wuce milimita 800 zuwa 1,000 a shekara ba, rani kuma yakan kama daga Afrilu har wajen Nuwamba. Abin da ido ke fara gani daga kan jirgi shi ne tuddai masu busasshiyar ciyawa, da wata giginya ta Asiya da suke kira lontar, da magarya, da tsamiya. Bahaushen da ya sauka nan a watan Satumba sai ya rantse a dajin ƙasar Hausa yake da rani, in ba don shuɗin tekun da ke bayansa ba.

Da asuba akan tsaya a Padar. Mutum zai hau matakala kusan 800 kafin rana ta yi zafi, daga ƙololuwa kuma ya hango gaɓoɓi uku a lokaci guda, ɗaya mai farin yashi, ɗaya baƙi, ɗaya ja-ja. Wannan gandu ne aka zana a bayan takardar kuɗinsu ta rupiya 50,000. Wuri ne mai kyau, amma ba shi ya kawo mu ba, don haka mu sauko mu wuce.

A Loh Liang da ke tsibirin Komodo, ko Loh Buaya da ke Rinca, ba a barin baƙo ya shiga daji shi kaɗai. Ɗan rakiya zai tare ku tun a bakin ruwa, ba bindiga a hannunsa, sai doguwar gwafa. Kafin a ɗaga ƙafa zai karanto ƙa'ida: kada kowa ya ware daga ayari, kada a yi hayaniya, kada a matsa kusa da dabbar, duk mai ciwon da ke zubar da jini ko macen da ke cikin al'ada a sanar da shi tun da wuri. Sai ku kama 'yar siririyar hanya, ɗaya bayan ɗaya. Za ku wuce barewa tana kiwo, ku ga sawun aladen daji, a Rinca ku ga birai da ɓauna a kwance cikin taɓo. In da rabo ku ji kukan farin aku mai rawayan tukku, wanda masu farautar tsuntsaye suka kusa ƙarar da irinsa a sauran tsibirai. Can sai ɗan rakiya ya tsaya cak, ya miƙa gwafarsa wajen gindin wata tsamiya. Ka duba, ba ka ga komai ba sai wani abu da ka ɗauka gungumen itace ne. Sai gungumen ya ɗago kai, ya zaro wani dogon harshe rawaya mai baki biyu, ya mayar, ya sake zarowa.

Masu sauraro, wannan dabba dangin damo da guza ce, gidansu ɗaya a wurin masana halittu. Sai dai babban namiji kan kai tsawon mita 3, nauyinsa kilo 70 ko fiye. Mun san kirarin damo sarkin haƙuri. Shi ma wannan yana da haƙurin, amma nasa na maharbi ne. Yakan laɓe awanni a bakin hanyar da barewa ke bi zuwa ruwa, ko motsi ba ya yi, in ta zo daf ya zabura, kuma a ɗan gajeren zango yana iya gudun kilomita 20 a awa. Harshen nan da yake zarowa da shi yake shaƙar iska, yana jin warin mushe daga nisan kilomita 4 ko fiye in iska ta ba shi. Haƙoransa kusan 60 ne, masu baki irin na zarto, kuma a 2024 masu bincike a Landan suka gano cewa bakin haƙoran a lulluɓe yake da sinadarin ƙarfe. Shekaru da dama ana cewa ƙwayoyin cuta ne a bakinsa ke kashe abin da ya ciza. A 2009 wani masani mai suna Bryan Fry da abokan aikinsa a Ostareliya suka nuna cewa akwai jakar dafi a muƙamuƙinsa na ƙasa, dafin da ke hana jini daskarewa, ya kuma saukar da ƙarfin bugunsa. A zama guda yana iya cin naman da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsa, sannan ya yi makonni bai sake nema ba.

Ko 'ya'yansa ba su tsira daga bakinsa ba. Macen kan saka ƙwai wajen 20 a cikin rami, sau da yawa a tsohuwar sheƙar wani tsuntsu mai tara tulin ƙasa, su yi wata 7 zuwa 8 kafin su ƙyanƙyashe. Da fitowarsu sai kan bishiya, can za su rayu da ƙwari da ƙananan ƙadangaru har su yi ƙarfin da manya ba za su haɗiye su ba.

Turawa ba su san da shi ba sai a 1910, lokacin da wani hafsan Holan ya bi labarin da masunta ke bayarwa, sannan Peter Ouwens na gidan tarihin dabbobi da ke Bogor ya rubuta bayaninsa a 1912. Tafiyar da Ba'amurke Douglas Burden ya yi zuwa tsibirin a 1926 tana cikin abubuwan da suka haifar da fim ɗin King Kong na 1933. Mutanen tsibirin kuwa tun kaka da kakanni suke zaune da shi, suna kiransa ora.

Ƙa'idar ɗan rakiya ba tsoratarwa ba ce. A 2007 wannan dabba ta kashe wani yaro ɗan shekara 8 a tsibirin Komodo. A 2017 wani baƙo daga Singafo ya fita shi kaɗai don ɗaukar hoto, ya matsa kusa da wasu da ke cin nama, ɗaya ya kama shi a ƙafa, da ƙyar aka ceto shi. Akwai kuma lokacin da su kansu masu kula da gandun ke yanka akuya su jefa wa ƙadangarun don baƙi su sha kallo. Dabbobin suka saba, suka daina wahalar farauta, suka koma zaman jiran mutane. A tsakiyar shekarun 1990 aka hana wannan, kuma daidai aka yi. Wanda ya zo kallon dabbar daji ya gan ta yadda Allah ya yi ta, in bai samu ganinta ba ranar ya haƙura.

To, mu koma jirgi, domin rabin dukiyar wannan wuri tana ƙarƙashin ruwa.

Akwai masu nutso da tukunyar iska a baya, wannan sai da horo. Abin da yawancin baƙi ke yi ya fi sauƙi. Za a ba ka gilashin da ke rufe ido da hanci, da wani lanƙwasasshen bututu da za ka kama da baki, ɗaya ƙarshen yana sama da ruwa, da takalman roba masu faɗi na iyo. Ba nutsewa za ka yi ba. Kwanciya za ka yi rub-da-ciki a saman ruwa, fuskarka a ciki, kana numfashi ta bututun. Wuyar abin duk a minti na farko take, domin jiki ba ya yarda cewa ana iya jan numfashi fuska na cikin ruwa. Zuciya ta riƙa bugawa, ka ji kamar ka ɗago. In ka daure ka ja sau uku a hankali, sai ƙarar numfashinka ta daidaita, ido ya buɗe. Mita biyu ƙasa da kai ga murjani iri-iri, wani mai rassa, wani shimfiɗaɗɗe, wani dunƙulalle, ga ƙananan kifaye shuɗɗa da rawaya ɗaruruwa suna shiga suna fita, ga kunkurun teku yana kiwo bai ko kula ka ba. Kunnenka kuma zai riƙa jin wani ƙas-ƙas ba tsayawa, ƙarar jatan lande ce da kifayen da ke gurgurar murjani.

An ƙidaya kifi fiye da iri 1,000 da murjani wajen iri 260 a wannan gandu. Yana cikin yankin tekun da ya haɗa ƙasashe shida, Indonesiya da Maleshiya da Filifin da Papua New Guinea da Tsibiran Solomon da Timor ta Gabas, inda ake samun kusan kashi uku cikin huɗu na ire-iren murjanin duniya. Murjanin nan ba dutse ba ne, ba kuma tsiro ba. Wasu mitsi-mitsin halittu ne masu rai, dubbai a haɗe, kowanne yana gina wa kansa gida mai tauri. A cikin jikinsu akwai wata ƙaramar gansakuka da ke sarrafa hasken rana ta ciyar da su, ita ce kuma ke ba su launi. In ruwa ya yi ɗumi fiye da kima sai su fitar da ita, su yi fari fat, in zafin ya daɗe su mutu. Manyan dunƙulallun ba sa ƙaruwa da fiye da santimita 1 ko 2 a shekara. Saboda haka baƙon da ya gaji da iyo ya dafa ƙafa a kai don ya huta, a daƙiƙa guda ya karya ginin da ya girme shi. Wannan ne ya sa matuƙa ke nanata cewa kada a taka, kada a taɓa, kada a ɗauki ko ɓawon katantanwa. Gaɓar nan mai jan yashi da kowa ke son hoto a kanta, ɓurɓushin jan murjani da ɓawon wasu ƙananan halittu ne ya gauraya da farin yashi. In kowane baƙo ya cika kwalba ya tafi da ita, launin zai tafi tare da su.

A wani wuri da ake kira Karang Makassar akan gamu da kifin manta, shimfiɗaɗɗe mai fukafukai, faɗinsa mita 3 zuwa 4. Duk girman nan ba ya cizo, ba ya harbi, abincinsa 'yan ƙwayoyin halittun da yake tacewa daga ruwa. Yakan zo nan ya tsaya wasu ƙananan kifaye su tsince masa ƙwarin jiki. Macen ɗa guda take haifa, shi ma sai bayan shekara biyu ko uku, don haka in aka kashe su ba sa saurin mayar da gurbi. An daɗe ana kashe su saboda matatar bakinsu da ake busarwa a kai kasuwannin magani a Sin. A 2014 Indonesiya ta haramta kamun manta a duk ruwanta, bayan lissafi ya nuna cewa rayayye ya fi matacce kawo kuɗi nesa ba kusa ba.

Abin da ya kawo wannan yalwa shi ne kuma haɗarin wurin. Ruwan tekun Pasifik yana kwararowa zuwa tekun Indiya ta cikin matsattsun mashigai tsakanin tsibiran, yana ɗauke da abincin kifi, amma jansa ya fi ƙarfin gwanin iyo. A watan Yuni na 2008 ya kwashi wasu Turawa biyar masu nutso, ya yi ta tafiya da su awanni, har suka samu suka maƙale a gaɓar Rinca, inda suka riƙa korar wani Komodo da jifa kafin a gano su bayan kwana biyu. Shi ya sa jirgin kirki ba ya sakin baƙi a ruwa sai matuƙi ya duba inda ruwan ya dosa, sai da ƙaramin kwale-kwale yana biye, sai kuma da rigar hana nutsewa. A nan zan ɗan ratse, jama'a, domin maganar ta shafe mu. Mun sha binne 'yan'uwa da dama a rana guda saboda kifewar kwale-kwale a Kebbi da Neja da Kwara, yawancinsu babu mai wannan riga a jiki. Duk mai tsallaka ruwa, ko na kasuwa ko na biki, ya nemi riga, ya kuma ƙi hawa jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima.

Murjanin Komodo ya ga ta kansa kafin yau. Akwai lokacin da wasu masunta ke jefa bam na kwalba a ruwa, kifi ya taso matacce, murjanin da ke ƙasa ya zama tsakuwa. Wasu kuma guba suke fesawa don su kama kifi da rai su kai manyan gidajen abinci na Hong Kong. Sintirin da aka tsananta daga tsakiyar shekarun 1990 ya rage ɓarnar ƙwarai, amma har yau akwai wuraren da ba su farfaɗo ba.

Da magariba jirage kan tsaya kusa da ɗan tsibirin Kalong, a kalli dubban manyan jemagu suna tashi daga itatuwan bakin teku zuwa Flores neman 'ya'yan itace. Jirgin da ya kwana daura da tsibirin Komodo kuwa, da asuba zai ji kiran salla. Akwai ƙauye a nan, na mutum kusan 2,000, Musulmi ne, kuma yawancin baƙi ba sa ko leƙa shi. Gidajensu a kan dogayen turaku suke, kaburburansu kuma sukan danne su da duwatsu don kada ora ya tone. Suna da tatsuniyar wata gimbiya da ta haifi tagwaye, ɗaya mutum, ɗaya ƙadangare. Tatsuniya ce, amma ta yi aiki: ba sa kashe shi, ko da ya ɗauke musu akuya korarsa suke yi. Da aka kafa gandun aka hana su farautar barewa, aka taƙaita musu noma da saran itace. Suka koma kamun kifi, daga baya da yawa suka koma sassaƙa gunkin ƙadangaren suna sayar wa baƙi, wasu suka zama 'yan rakiya.

Baƙin kuwa sai ƙaruwa suke. A 2019 sun haura 220,000, a 2023 sun kai kimanin 300,000. Inda kuɗi ya shigo, rigima ta biyo. A 2019, bayan 'yan sanda sun kama wasu da suka sayar da Komodo 41 zuwa ƙetare, gwamnan lardin, Viktor Laiskodat, ya ce za a rufe tsibirin shekara guda, a kuma tashi mutanen ƙauyen. Suka fito zanga-zanga, gwamnatin tarayya ta soke shirin. A watan Oktoba na 2020 wani hoto ya karaɗe duniya, na wani Komodo tsaye a gaban babbar motar gini a Rinca, inda ake gina wurin karɓar baƙi, har UNESCO ta nemi a dakata da aikin. A watan Agusta na 2022 aka ɗaga kuɗin shiga Komodo da Padar zuwa rupiya miliyan 3.75, wajen dala 250. Matuƙa da 'yan rakiya da masu ƙananan shaguna suka shiga yajin aiki, suna cewa wannan zai bar harkar a hannun manyan kamfanoni da baƙi masu hannu da shuni, daga baya aka janye ƙarin.

A watan Satumba na 2021 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa Komodo cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, tana hasashen cewa ɗumamar yanayi da cikowar teku za su cinye aƙalla kashi 30 cikin 100 na mazauninsa cikin shekara 45. Amma a lura da kyau. A cikin gandun, inda waɗannan ƙauyawa ke zaune da shi, yawansa bai ragu ba, yana nan sama da 3,000. Waɗanda ke cikin tsaka mai wuya su ne na Flores, a wajen gandun, inda gonaki da gine-gine ke cin daji, ake kuma farautar barewar da suke ci.

Ni a ganina taƙaita yawan jiragen da ke shiga a rana wajibi ne, haka hana gini a inda dabbar ke saka ƙwai, haka hukunta mai jefa anka a kan murjani. Amma tashin mutanen Komodo daga ƙauyensu don a faɗaɗa wa baƙo wurin hoto zalunci ne, kuma ba zai ƙara wa ora ko ƙwai ɗaya ba. Kaso mai tsoka na kuɗin shiga ya kamata ya koma musu, a ruwan sha da asibiti da makaranta. Wanda Allah ya kai shi can daga cikinku, ya ɗauki ɗan rakiya ɗan ƙauyen, ya sayi sassaƙar hannunsu, ya shiga masallacinsu ya yi salla da su.